Itacen Wankan Da Inna Ta Tara

Makon jiya a layin asibiti na ga wata mata ta rako ƙanwarta allurar farko. Tana ta fara'a, tana gaya wa na kusa da ita cewa an cire ciwon, an gama ƙarin ruwa, abin da ya rage ɗan tsira allura ne wata-wata. Na miƙe zan je in kama hannunta in gaya mata abin da ya same mu, sai aka kira su ciki, ban sake ganinsu ba. Shi ya sa na zauna nake wannan rubutu, ko Allah zai sa ya kai gare ta ko ga wata irinta.

Sunana Ige. A Talata Mafara nake aure, sana'ata shinkafa: in sayo shanshera, wato wadda ba a casa ba, in turara, in shanya, in kai inji, in auna ranar kasuwa. An san ni da baki, ban musa ba. Luba ƙanwata ce ciki ɗaya, ni na goye ta. Tana aure a Bakura, gidan malamai. Mijinta Malam Sani yana karantarwa a makarantar mahaifinsa Baba Malam da safe, da rana yana noman rani a filin dam. 'Yarsu ɗaya, Nana, tana da shekara tara a lokacin. Bayan Nana ɓari uku Luba ta yi, daga nan shiru.

Ciwon da ƙullutu ya fara a nonon hagu, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Gwaggonmu ta garin Kaya ta aiko da saiwoyi da garin shafawa, muka ɓata wata biyu a kansu yana ƙara girma. Da muka je babban asibiti a Sakkwato aka yanki kaɗan aka auna, aka ce ciwon daji ne. Aka cire nonon. Aka yi ƙarin ruwan magani sau shida, gashinta ya zube tas, farcenta ya yi baƙi. Shinkafar ranin Malam Sani ta wannan shekarar duk a hanyar Sakkwato ta ƙare, nawa jarin ma ya bi ta. Ba zan tsaya a nan ba, domin wannan ciwo ne da ido ke gani. Duk Bakura an sani, an zo sannu, an kawo kunu da fura, an yi addu'a. Allah ya saka wa kowa.

Wanda ido bai gani ba shi ne ya kusa raba ni da ita.

Bayan ƙarin ruwan da 'yan watanni, gashi ya fara tsirowa, al'adarta ta dawo. Mu murna muka yi. Likitar ba ta yi ba. Wata doguwar mata ce mai tabarau, Allah ya yi mata albarka, ta zaunar da mu uku ta ce, irin ciwon Luba daga ƙwan mace yake samun abincinsa. Za a riƙa yi mata allura a fatar ciki duk kwana ashirin da takwas don ƙwan ya kwanta barci, ga kuma ƙwaya ɗaya kullum. Al'ada za ta ɗauke, ba batun ciki har sai an gama, kuma shekaru za a ɗauka. Sai ta cire tabaran ta dube ni, ni ɗin nan, ta ce, "Hajiya, allurar nan wani lokaci tana taɓa zuciya. In kika ga ta daina dariya, ki dawo da ita, kada ki jira ranar allura." Na ce to. Wallahi kafin mu kai ƙofar asibiti na manta, hankalina yana kan motar komawa.

A gindin wata bishiyar dogon yaro muna jiran mota Malam Sani ya matso ya rage murya. Ya ce, "Yaya Ige, wagga magana ta tsaya tsakaninmu. In Baba Malam ya ji an ce allurar da ke tsai da haihuwa, Luba ba ta ƙara shiga motar Sakkwato." Na ce gaskiya ne. Har ni na raɗa mata suna, na ce a ce allurar ƙarin jini ce. Na ji daɗin dabarata ƙwarai. Luba tana zaune a kan jakarta tsakaninmu, babu wanda ya tambaye ta.

Allurar farko, da na ga kaurin bakinta sai da na kau da kai. Mako biyu bayan nan zafi ya fara taso mata. Tana zaune lafiya sai ka ga gumi ya karyo daga ƙirji zuwa kai, ta fizge kallabi tana fifita da murfin kwano, can kuma ta ce sanyi take ji. Gwiwoyi suka riƙe. Barci ya ƙi. Bayan allura ta biyu al'ada ta ɗauke kamar yadda aka faɗa. Ta uku ta faɗo gab da azumi, Luba ta ɗauki azuminta ta kai talatin cif, ba ta sha ko ɗaya ba.

To a gida irin nasu, da mata ke sahur tare a tsakar gida su yi asham sahu ɗaya, wa zai ɓoye wa wani fashin salla? Mu uku da dabararmu babu wanda ya tuna da wannan.

Surukar Luba, Inna Kulu, tsohuwa ce 'yar ƙarama mai saurin tafiya. Kada wani ya karanta wannan ya zage ta. Lokacin ƙarin ruwa ita ke wanke kwanon aman Luba da hannunta, ta hana kowa taɓawa. Da na je barka da salla ta ja ni bayan rumbu, fuskarta kamar an ba ta kujerar Makka. Ta ce, "Ige, kin lura ƙanwarki ba ta sha ko guda ba bana? Ga zuhwa, ga kasala, ga ƙin abinci, abu kaɗan sai kuka. Ni na haihi tara, ba a gaya min. Allah ya amshi nono ya mai da ɗa."

A nan ya kamata in buɗe bakin nan nawa da kowa ke tsoro. Sai na yi 'yar dariya na ce, "Allah ya sa, Inna." Na ce a raina in wata biyu suka wuce ba ta ga komai ba za ta gane da kanta. Ban san ƙwayar da Luba ke sha tana sa ƙiba ba. Ciki ya ɗan turo, fuska ta cika.

Luba ta yi ƙoƙari, ban ce ba ta yi ba. Ta ce, "Inna, ba komai fa." Inna ta tafa hannu ta ce kunya ce, wace ɗiyar kirki ce za ta amsa wa uwar mijinta irin wannan magana? Duk musun da ta yi sai ya zama ƙarin shaida. Matan gida suka fara tsokana, ana aiko mata da tsamiya da ɗanyen mangwaro. Baba Malam da kansa, dattijon da ba ya shiga harkar mata, ya fara aiko da rubutun sauƙin haihuwa kowace safiya a ƙaramar ƙwarya. Ta durƙusa ta karɓa ta shanye. Malam Sani yana gani, ya sunkuyar da kai ya ɗauki fartanya ya tafi gona.

Sai Inna ta fara tara itacen wankan jego.

Wanda ya san ƙasarmu ya san tun da aka yi dam aka baje gonaki, itacen kirki ya yi wuya. Da karan dawa da buntun shinkafa muke girki. Inna ta ce jikanta ba zai zo a dafa ruwan uwarsa da kara ba. Ta sayar da akuyarta, ta sa aka riƙa kawo mata gumagumai daga wajen Maradun a kan amalanke, kirya da marke, busassu. Kuma ba a bayan gida ta jibge su ba. A ƙofar ɗakin Luba ta tsara su, jikin katanga, don mai jego kada ta yi nisa. Duk ranar kasuwa sai tulin ya ƙaru. Aka kawo babbar tukunya aka kife a kai. Aka ajiye kanwa da kayan yaji a buhu.

Ni duk wata nake zuwa in ɗauke ta mu tafi allura. A wata na huɗu na lura ba ta yi min magana a mota tun daga Bakura har Sakkwato. A na biyar na tarar ba ta yi kitso ba, ɗan gashin da ya tsiro ya cukurkuɗe, Nana na tsefe kanta da kanta a ƙofar ɗaki. Luba da ke tashin gida da waƙa in tana daka, ta koma kwanciya fuska ga bango. In ta fito alwala sai ta bi ta gefe tana kallon ƙasa, don kada idonta ya sauka kan itacen.

Me na yi? Faɗa na yi mata. Na ce, "Ke wace irin marar godiya ce? Matan da munka yi layi da su nawa aka binne? An cire miki ciwo, miji bai gaza ba, suruka na tarairayar ki, kin kwanta kina ma mutane baƙin rai. Tashi ki yi wanka!" Ta tashi ta yi wankan. Na koma Mafara ina ganin na yi aiki.

Gwaggo ta zo daga Kaya ta dube ta, ta ce iska ce, matan da ke zama kusa da ruwan dam suna yawan gamuwa da ita, balle mai juna biyu. Aka yi hayaƙi har Luba ta riƙa tari. Wata maƙwabciya ta ce maita ce, a daina barin ta cin abincin biki. Kowa da maganinsa, kuma duk maganin mai ciki ne.

A asibiti kuwa, mu isa da hantsi mu tarar benci ya cika, mu zauna a ƙasa har azahar, wani lokaci a ce allurar ta yanke sai mun nemo a gari. In an shiga, minti kaɗan ne, ga mutane a baya suna leƙe. Likita ta ce, "Luba, yaya jiki?" Kafin ta ɗaga kai ni na amsa, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Haka aka koya mana, ba a cewa babu sauƙi. Sau uku likitar nan tana tambaya, sau uku bakina yana riga na Luba.

Ranar allura ta bakwai na iso Bakura da sassafe, rana ta ɗan ɗaga. Na yi sallama, na gaisa da Inna tana shara, ta ce mai ɗakin ba ta fito ba tukuna. Na ɗaga labule. Babu kowa. An gyara gado tsaf, abin da ta yi watanni ba ta yi ba. Kayan Nana an wanke an ninke an jera a kan akwati, har da na salla. A kan kayan ga 'yan kunnen zinarin da uwarmu ta bar mata, a ƙulle cikin ƙyalle. Na ɗaga matashi don neman katin asibiti, sai ga ƙwayoyinta a ƙasa, na wajen wata guda, ba ta sha ba.

A lokacin ne maganar likita ta dawo min, kalma ɗaya-ɗaya, har da yadda ta cire tabarau. Na tsaya ina lissafin yaushe rabon da in ji dariyar Luba, na kasa tunawa.

Na fito ban ce wa Inna komai ba. A bakin zaure wata mai tallan fura ta ce ta ga matar Malam Sani ta bi hanyar gona tun ɗazu. Makon nan aka sako ruwan rani, babban kanal mai kai ruwan dam gonaki ya cika har baki. Na yar da jakata na kwasa da gudu, ni da rabona da gudu tun ina budurwa. Ina gudu ina kiran sunan Allah, mayafina ya maƙale a ƙaya na bar shi nan. Masu dashen shinkafa suna ɗagowa suna kallona. Tsoron da na ji a wannan hanya ban ji shi ba ranar da aka shiga da ita ɗakin tiyata.

Takalmanta na fara gani. Silifa ruwan ɗorawa, an jera su gefe da gefe a kan siminti, kamar a ƙofar masallaci. Sai can gaba na hango ta zaune a kan dakalin ƙofar ruwa, inda ruwan ke da ƙarfi, ƙafafunta na lilo.

Ban yi ihu ba, Allah ne ya kama bakina. Na taka a hankali na zauna kusa da ita, na kama bakin zanenta na ƙulle da nawa, ƙulli biyu. Ta duba ƙullin. Mun daɗe a haka, ruwa na wucewa.

Can ta ce, "Yaya, saura wata biyu."

Na ce, "Wata biyu mi?"

"Itacen. Saura wata biyu a hura shi. Mi zan ba su?" Muryarta a kwance, ko rawa ba ta yi. "Kullum in na buɗe ido shi nika fara gani. Na sha rubutun Baba Malam kan ƙarya, Allah na gani na. Na bar ƙwayar ko jinin ya dawo su gane, bai dawo ba. Kuma ba itacen kaɗai ba ne, Yaya. Ko Nana ta rungume ni ba ni jin komai. Kamar an kwashe cikina an bar fata. Na gaji da wayewar gari."

Na ce, "Don mi ba ki gaya min ba?"

Ta ce, "Kin ce in tashi in yi wanka."

Na yi kuka a wurin nan har majina, ita ko hawaye babu. Na ɗauko takalman na sa mata da hannuna. Muka koma gida zane ƙulle da zane, mutane na kallo, ban kwance ba sai da na zaunar da ita a ɗaki na sa matar wan mijinta ta zauna da ita.

Na tarar da Inna tana gyara tulin itace. Ban durƙusa ba, ban yi kwana-kwana ba. Na ce, "Inna, Luba ba ta da ciki. Allurar da muka zuwa ita ta ɗauke mata jini, don kada ciwon ya dawo. Ba ta haihuwa sai an gama, wataƙila ma har abada. Ƙarya munka yi miki, ni da ɗanki. Yanzu daga bakin kanal na ɗauko ta."

Itacen da ke hannunta ya faɗi. Ta dafa katanga. Ta ce, "Tun yaushe?"

"Wata bakwai."

"Wata bakwai? Ni ko ina ta tara ma ɗiyar mutane wuta a ƙohwar ɗaki, kuna kallo na?"

Ta wuce ni ta nufi zaure ba ko mayafi, inda Baba Malam ke zaune da Malam Sani, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ina jiyo muryarta daga tsakar gida. Da dattijon ya gama ji sai ya ce wa ɗansa, "Wa ya gaya maka zan hana? Shekara nawa kana zaune gabana, ba ka san ceton rai shina gaba ba? Tashi ka nemo mota." Ke nan duk ɓoyon da muka yi, da duk abin da ya jawo, a kan tsoron abin da ba a ko tambaya ba ne.

Ranar mu huɗu muka tafi Sakkwato, har da Inna, wadda ba ta taɓa taka asibitin ba. Da likita ta ce yaya jiki, na cije leɓena har na ji gishirin jini. Sai Luba ta ce, "Babu sauƙi." Likitar ta rufe fayil, ta sa aka ja ƙofa, ta saurare ta duk da layin da ke waje. Ta ce wannan ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar kowane, allurar na iya jawo shi, abin da ke gida ya ƙara masa nauyi. Ba rashin tawakkali ba ne, ba iska ba ce. Ta haɗa mu da likitan ƙwaƙwalwa. Malam Sani ya fara cewa kada a ji a gari a ce matarsa ta haukace, Inna ta dube shi sau ɗaya ya haɗiye sauran.

An ba ta wani magani, aka ce sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa, kuma kada a bar ta ita kaɗai. Allurar ba a tsayar ba, ƙwayar ma ta koma sha. Na tafi da ita gidana Mafara. Makonni ukun farko ban ga canji ba, ko banɗaki ta shiga ina tsaye a ƙofa ina jan ta da hira. Na ɓoye wuƙaƙen gidana da maganin ƙwarin shinkafa. A mako na biyar ta ce miyata ta yi gishiri. Ban taɓa jin daɗin kushe irin na ranar ba.

Itacen kuwa, an gaya min Inna ita kaɗai ta kwashe shi, gungume ɗaya-ɗaya, kwana uku, ta hana kowa sa hannu. Bayan Luba ta koma Bakura sai ga amalanke a ƙofata. Saƙon Inna: in turara shinkafa da shi, abin da aka samu a yi kuɗin mota. Na jibge shi a bayan ɗaki na rufe da buhuna.

Wata ranar kasuwa Luba ta zo min ba sanarwa, ita da Nana. Ina tsakiyar turara, ga kiryar nan ja a murhu, ga saura a gefe. Na yi wuf zan ja buhu in rufe. Ta ce, "Bari, Yaya, na gane shi." Ta tsaya tana kallo. Sai ta sunkuya ta ɗauki guda ta tura cikin wuta da kanta, ta ce, "Inna ta iya zaɓen itace." Har ta ɗan murmusa.

Yanzu muna allura ta goma sha tara. Akwai sauran tafiya, kuma akwai ranakun da take wayuwa shiru. Ke da za ki raka taki, ga abin da na sani: kada ki amsa mata gaisuwar likita, kada ki ɓoye wa mutanen gida abin da allurar ke yi, kuma in ta daina dariya kada ki jira ranar allura.

Mutane suna cewa Luba ta warke, ina cewa alhamdu lillahi. Amma har yau in na shiga gidan nan na Bakura, ba na amsa gaisuwar kowa sai na leƙa ƙofar ɗakinta na ga silifanta a wurin, a warwatse, ɗaya nan ɗaya can, yadda mai shirin sake fitowa ke zubar da su.